Ba A Sakin Tamfol

"Ki rabu da ɗana!"

Kendra ta juyo a firgice, rungume da ƙaton kan kwaɗo.

Daga wuya zuwa ƙafa tana cikin rigar kwaɗon ƙungiya, koriya shar mai ƙaton tumbi, gumi na bin bayan kunnenta. Wanda aka ɗauka don ya riƙa sa rigar yana yi wa 'yan kallo rawa bai zo ba, kuma a filin besbol, wasan ƙwallo da sanda, na garin Pellam duk aikin da ya rasa mai yi, mataimakiyar manaja yake jira.

A bakin ƙofar sito Misis Hutchins take tsaye, mahaifiyar saurayinta Royce, ta maƙale jakarta a hammata kamar za a ƙwace.

"Misis Hutchins... sannu da zuwa. Bari in cire wannan abin..."

"Bar shi a jikinki, ya dace da ke. Yau kina wannan tafki, gobe kin yi tsalle kin faɗa wani."

"Ban gane ba."

"Kin gane sarai! Aikin da kike nema a Nevada fa? Baƙon da zai zo gobe ya duba ki fa? Ko kin zaci a garin nan ana ɓoye magana?"

Kendra ta ƙanƙame kan kwaɗon.

Ko Royce ba ta gaya wa ba. Kullum sai ta ce gobe.

"Wa ya faɗa miki?"

"Wadda take son sa tsakani da Allah." Tsohuwar ta matso. "Ki saurare ni, yarinya. Mijina a kan ciyawar filin nan ya ƙare rayuwarsa. Tun daga tagar kicin ɗina nake kallon irinku. Ku zo da akwati ɗaya, ku yi murmushi, ku samu inda ya fi, ku tafi. Royce kaɗai gare ni. Ba zan bari ki ja shi kamar kaya ki yar a hanya ba."

"Ina son sa..."

"Na sani. Kina son sa. Amma akwai abin da kika fi so."

Ta juya ta tafi.

Daga waje aka fara kiran kwaɗo a lasifika, yara na ihu. Kendra ta kifa kan a kanta. Amfanin rigar nan ɗaya ne: mutum zai iya kuka a ciki yana rawa, ba mai sani.

*

Duk wanda ya yi aikin ofis a ƙaramar ƙungiyar besbol ya san muƙamin suna ne kawai. Mu da muka yi mun sha. Kai ne mai sayar da tikiti, kai ne mai bin shaguna kana roƙon su liƙa talla a katangar fili, kai ne mai gyara injin gugguru, in bayan gida ya toshe kai ne. 'Yan wasa suna zuwa suna wucewa sama, kai kana nan kana ɗaga musu hannu. Kuma ba a girma a wuri ɗaya. In kana son kujerar da ta fi taka, sai ka naɗe kayanka ka bi ta wani gari.

Shekara shida Kendra Vasko tana wannan bauta. Mahaifinta in ya kira daga Toledo gaisuwarsa ke nan: "Yaya kwaɗo? Digirin da muka sha wahala a kai yana nan lafiya?" Sai ta yi dariya, ta kashe waya. Burinta ɗaya tun tana 'yar makaranta, ta zama babbar manajar ƙungiya, ta zauna a kujerar da mata ƙalilan suka taɓa zama.

Sai kuma tamfol.

In ruwa ya sauko ana tsakar wasa, alƙalin wasa ya ɗaga hannu, to babu babba babu yaro. Manaja da akanta da mai sayar da huluna, kowa zai yar da abin da ke hannunsa ya ruga fili. A mirgino ƙaton bututun da aka naɗe tamfol a jiki, a jeru, kowa ya kama gefe, a sheƙa da shi a guje har a rufe jar ƙasar tsakiya. In ƙasar ta jiƙe, wasa ya mutu. In aka tsaya a tsakiya ko na ɗan lokaci, ruwa ya taru a kan tamfol, ko ƙattai ɗari ba su ƙara motsa shi.

Shi ya sa doka ɗaya ce, kuma Royce Hutchins, shugaban masu kula da fili, yana faɗa wa kowane sabon ma'aikaci ran da ya zo.

"Ba a sakin tamfol. In na kusa da kai ya faɗi, ka bar shi, zai rarrafo ya fito. Ko uwarka ce, kada ka saki."

A ruwan farko na shekararta ta farko, Kendra ta shiga da takalmin ofis mai santsi. Ba a yi nisa ba ta zame, tamfol ya haɗiye ta. Duhu, warin roba, ruwa mai sanyi a bayanta, ta rasa gabas ta rasa yamma. Ta buɗe baki za ta yi ihu sai ta ji an damƙi hannunta.

Royce ne.

Mai dokar da kansa ya saki, ya kutsa ƙarƙashi ya jawo ta. Iska ta ɗaga gefensa, tamfol ya tsaya cak, ƙasa ta jiƙe sharkaf, aka soke wasa. Manaja Mista Brandt ya yi ta zazzaga masa faɗa a gaban kowa, shi kuwa yana tsaye yana murmushi kamar an ba shi kyauta.

"Me ya sa ka saki?" ta tambaye shi daga baya, tana rawar ɗari cikin tawul.

"Ban sani ba, 'yar ofis. Hannuna ne bai yi shawara da ni ba."

Daga ranar zuciyarta ta tafi. Har yau a Pellam in ana son a tsokane shi sai a ce, "Royce, ko uwarka ce?"

*

Da yamma ta same shi yana ba jar ƙasa ruwa da tiyo, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Gwiwar nan ce ta raba shi da wasa tun yana saurayi, ta dawo da shi gida ya gaji aikin mahaifinsa.

"Sarkin ciyawa..."

Bai juyo ba.

"Mama ta zo wurinki."

"Ta zo."

"Da na fi so in ji daga bakinki, Kendra."

"Na ji tsoro ne." Ta tako har kusa da shi. "Wallahi tsoro na ji. In na faɗa, sai ya zama gaske. Royce, ƙungiya ce babba, mataki ɗaya ya rage a kai ƙoli. Irin wannan dama ba ta zuwa wa mace sau biyu..."

"Ki sauka daga kan layina, yanzu na ja shi."

Ta dubi ƙafarta, ta taka farin layin ta ɓata. Dariya ta kufce mata, hawaye suka biyo baya.

Ya kashe tiyo. Ya share mata fuska da bayan hannunsa mai ƙasa, ya bar mata jan zane a kumatu.

"A Nevada suna da ciyawa?"

"Me?"

"Ciyawa. Ko duk yashi ne? Don in akwai ciyawa, ai za a nemi mai yanke ta."

Ta ƙura masa ido.

"Royce... za ka bi ni?"

"Na kwana biyu ina tunani, tun da Shawna mai shagon riguna ta kawo wa Mama labarin. Na so in yi fushi, ya ƙi zuwa." Ya sauke ajiyar zuciya. "Filin nan na babana ne, Mama kuma ba ta da kowa. Ban san yadda zan kalli idonta ba. Amma in na tuna zan shigo da safe in ɗaga kai in ga tagar ofishinki babu ke... ba zan iya ba, zuciyata. Ki burge baƙonki gobe. In an tashi wasa zan gaya wa Mama da bakina."

Ta faɗa jikinsa.

"Ina son ka! Ina son ka, ina son ka..."

"Na ji. Kina warin kwaɗo."

"Kai kuma kana warin taki!"

A ranar Kendra ta yarda mutum zai iya samun duka biyu. Na so a ce haka ne.

*

Lahadi fili ya cika maƙil. Ƙamshin gasasshen naman sosej da gyaɗa ya gauraye ko'ina. Baƙon Nevada ya zauna kusa da Mista Brandt, dogon mutum marar fara'a, yana kallon komai ba ya cewa komai.

Kendra na zagaye da oba-oba a ƙugu ta biya ta shagon riguna da huluna. Shawna na ciki tana ninke kaya. 'Yar garin ce, ajinsu ɗaya da Royce tun firamare, kuma duk Pellam an san ba ta taɓa kallon wani namiji ba. Kowace Lahadi ita ke kai Misis Hutchins coci.

"Ke kika saurari wayata," in ji Kendra.

"Bangon ofishinku ne siriri." Shawna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kuma ba ƙarya na yi ba, ko?"

"To kin yi a banza. Tare za mu tafi."

Hannun Shawna ya tsaya a kan rigar. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa ya yi ja, amma murmushi take.

"Ki kai shi ina? Ki ajiye shi a ɗakin haya yana jiran ki dawo daga taro? Shekara biyu ki sake samun wani wurin ki ce ya tashi? Ke ba muguwa ba ce, Kendra. Ke dai ba kya waiwaye ne."

"Ba ki san ni ba."

"Ina kallon ki shekara shida."

Kendra ta fita tana huci. Sai a lokacin ta lura iska ta sauya. Ta bayan kogi hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Oba-oba ta yi ƙara, muryar Royce ce.

"Kowa ya matso kusa da bututu. Wannan ba na wasa ba ne."

Wasa ya kusa rabi. In aka ceci ƙasa, ruwan zai wuce a ci gaba. In aka rasa ta, dubban mutane za su koma gida da haushi, a gaban baƙo. Mista Brandt ya raɗa mata a oba-oba, "Ni ina nan tare da shi. Ke za ki ja mutanen ofis. Yana kallon ki, Vasko."

Ɗigo na farko ya faɗo mata a goshi.

Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Alƙali ya ɗaga hannu.

"Tamfol! Tamfol!"

Suka kwasa a guje. Aka tura bututu, aka warware, aka jeru. Kendra a kusurwar da iska ke bugowa, wuri mafi wuya. Royce a damanta. Shawna can gaba da shi.

"Ɗaya! Biyu! Mu tafi!"

Suka ja. 'Yan kallo na ihu suna tafi, don su a wurinsu wannan ma wasa ne. Iska ta shiga ƙarƙashi ta kumbura tamfol, tana neman fizge shi daga hannun Kendra. Ta danne da dukan ƙarfinta. Sun wuce rabi. Saura kaɗan...

Ƙafar Royce ta hagu ta nutse a laka.

Ta ji ƙarar. Duk da ruwa, duk da ihu, ta ji wani ɗan sauti ƙas, kamar an karya busasshen kara.

Ya faɗi. Tamfol ya hau kansa.

"Kendra!"

Ta sha jin mutane sun faɗi. Suna faɗuwa da dariya, su fito da dariya. Wannan kira ba irinsa ba ne, kuma ta sani. Kada wani ya ce ba ta sani ba.

Hannunta na dama ya fara buɗewa.

In ta saki kusurwar nan, iska za ta ɗauke komai. Mutanen da ke jere suka rage gudu, duk sun juyo suna kallon ta. A can sama, dogon mutum ya miƙe tsaye.

"Kada wanda ya saki!" Muryarta ce, ta fita da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. "Ku ja! Ku ci gaba! Ku ja!"

Suka ja.

Tamfol mai nauyin ruwa ya bi ta kan Royce ya wuce da shi ciki.

Mutum ɗaya ce ta saki. Shawna ta yar da gefenta, ta durƙusa, ta kutsa cikin duhun tana kiran sunansa.

Aka kai ƙarshe. Aka kafe kusurwoyi. Ƙasa ta tsira, fili ya ɗauki tafi. Kendra ta juya a guje tana zamewa, amma kafin ta isa an riga an ɗaga gefe, Shawna ta fito da shi, kansa a cinyarta, gashinta duk laka. Fuskarsa ta yi fari fat. Ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Royce! Masoyina, ga ni... ga ni nan..."

Ya buɗe ido ya dube ta.

"An rufe?" ya tambaya a hankali.

"An rufe."

"Madalla."

Ya mayar da idonsa ya rufe.

Da motar asibiti ta zo, mutum ɗaya aka ce zai bi. Kendra ta sa ƙafa za ta hau, oba-oba ta yi ƙara, muryar Mista Brandt ce. "Vasko, ruwa na tsagaitawa. Babu Royce, ke za ki tsaya a kan kwashe tamfol. Alƙali na neman ki." Ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Shawna ta raɓa ta gefenta ta shige, aka rufe ƙofa.

An ƙarasa wasan. Pellam ma ta ci.

Baƙon ya riƙe hannunta ya girgiza. Sai a lokacin ta ga haƙoransa.

"Na ga manajoji da yawa, Mis Vasko. Kaɗan ne za su iya abin da kika yi. Aikin naki ne."

*

Washegari da hantsi ta shiga asibiti da furanni. Misis Hutchins na zaune a bakin ɗaki. Kendra ta shirya wa zagi, ta ma so a zage ta. Tsohuwar ta dube ta kawai, ta janye ƙafafunta ta ba ta hanya. Wannan ya fi zagi ciwo.

Royce na kwance, ƙafar a rataye cikin ƙarafa.

"'Yar ofis."

"Sarkin ciyawa..." Ta durƙusa a gefen gadon ta kama hannunsa. "Ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini!"

"Me kika yi? Ni na koya miki. Da sabon ma'aikaci ne ya yi haka, da na saya masa abincin rana."

"Kada ka yi mini wasa, Royce."

"Ba wasa nake ba. Kin yi daidai." Ya kalli silin. "Likita ya ce gwiwar ta riga ta tafi tun faɗuwar. Ko kin saki, ko ba ki saki ba, ɗaya ne. Kada ki ɗora wa kanki."

Wani sanyi ya ratsa ta. Ta share hawaye da sauri.

"To shi ke nan! Za ka warke. Sun ba ni aikin, Royce, sun ba ni! Akwai manyan likitoci a can, zan nema mana gida marar bene, zan..."

"Ba zan je ba, Kendra."



"Saboda ƙafar? Zan jira. Ko shekara ce zan..."

"Ba ƙafar ba ce."

"To Mama ce? Ko... ko Shawna?"

Ya girgiza kai. Da ya fara magana, ba fushi a muryarsa ko kaɗan. Da ma akwai.

"Kin san yadda cikinsa yake, kin taɓa shiga. Duhu, ba ka jin komai sai ruwa. Ina kwance, na kira ki. Na san doka, ni na kafa ta. Amma wallahi ina kwance ina jiran hannunki. Na tabbata zai zo. Sai na ji muryarki ta sama... kina cewa a ja. Ina ji tana nisa, tana nisa."

"Royce..."

"Ban ga laifinki ba. Na rantse ban gani ba. Amma duk daren jiya in na rufe ido ita nake ji. Na ce wa kaina, to ka bar uwarka, ka bar filin babanka, ka bi ta garin da ba ka san kowa ba. Ran da ka sake faɗuwa fa?"

"Zan saki! Na rantse zan saki! In ka ce in bar aikin, yanzu zan kira su..."

"Kira su."

Ya miƙo mata wayarta da ta ajiye a kan gado.

Ta karɓa. Lambar na nan a sama. Ta dube ta. Shekara shida na rigar kwaɗo, da toshewar bayan gida, da dariyar mahaifinta, duk suka taso mata. Yatsanta na kan lambar.

Bai danna ba.

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Royce ne ya sa hannu a hankali ya kife wayar.

"Kin gani?" Ya yi murmushi, hawaye na gangara masa ta gefen ido zuwa kunne. "Kuma da kin kira, da na hana ki. Da kin zauna a Pellam kina kallon ƙafata kina tuna abin da na ci miki. Ke an yi ki ne don ki kai ƙarshen fili, zuciyata. Ni kuma mai saki ne. Ba wanda ya yi laifi."

"Amma ina son ka..."

"Na sani. Ni ma haka. Je ki, kafin in ce ki zauna."

Ta fito ba ta ganin gabanta. A bakin ƙofa ta yi karo da Shawna, riƙe da kwanon miya a naɗe cikin tawul. Shawna ba ta yi murmushin nasara ba, ko kallon banza ba ta yi mata ba. Ta matsa gefe, ta jira ta wuce, ta shiga.

*

A Nevada an ba ta ofis mai sanyi da ƙatuwar taga mai kallon fili. An rubuta sunanta a ƙofa. Akwai mai sa rigar dabbar ƙungiya, akwai mai gyaran bayan gida, ba wanda ya taɓa tambayar ta inda tsintsiya take. Mahaifinta ya daina zancen kwaɗo, yanzu hotonta yake nuna wa maƙwabta.

Ta iya aikin, ba a magana. Kowa na cewa nan da 'yan shekaru kujerar babban manaja tata ce.

A shekara ta biyu Mista Brandt ya kira ta kan wata maganar talla. Sun gama, ya yi gyaran murya.

"Gara ki ji daga wurina. An ɗaura auren Royce da Shawna ran Asabar. A fili aka yi, a kan jar ƙasa. Da sanda ya tako, amma ya tako da kansa."

"Allah ya sa alheri," in ji Kendra. "Ka gaishe su."

Ta ajiye waya, ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta yi kuka ba, har ta yi mamakin kanta.

A garin nan na Nevada ba a cika yin ruwa ba. Tamfol ɗinsu na naɗe a gefen katanga wata da watanni, rana na dukan sa. Sai wata Laraba da la'asar, ana tsakar wasa, sama ta yi duhu. Ɗigo ya bugi gilashin tagarta.

Alƙali ya ɗaga hannu.

Kafin ta san me take yi ta tashi. Ta watsar da takalmanta masu tsini a kan matakala, ta sauka a guje ba takalmi, ta ratsa 'yan kallo, ta kai ƙofar shiga fili tana haki.

Mai gadi ya tare ta da hannu.

"Ranki ya daɗe, lafiya? Ina za ki?"

"Tamfol! Ba ka ga ruwa ba?"

Ya dube ta, ya dubi ƙafafunta, ya yi 'yar dariya cikin ladabi.

"Ai a nan 'yan ofis ba sa ja. Akwai ma'aikatan da aka ɗauka don shi. Ki koma ciki, kada ki jiƙe."

Ta leƙa ta kafaɗarsa. Ƙattai cikin riguna iri ɗaya sun jeru, sun ja shi sumul, ba wanda ya zame, ba wanda ya kira sunan kowa. Kafin ta ƙifta ido sun rufe.

Ta tsaya a wurin, ruwa na dukan ta. Sai ta lura da hannayenta. Sun dunƙule gam a gabanta, kamar tana riƙe da gefe.

A hankali ta buɗe na dama. Ta buɗe na hagu.

"Na saki..." ta ce, muryarta ba ta fita sosai. "Royce, ka ga, na saki."

"Na'am, ranki ya daɗe?" in ji mai gadi.

Kukan da ta riƙe tun daga Pellam ya ƙwace mata, ta durƙushe a kan siminti. Mai gadin ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya buɗe lemarsa ya riƙe a kanta, yana kiran ofis a oba-oba a zo da takalman mataimakiyar manaja.